Yadda Ake Haɗa Fatsa Iri Biyu a Ruwan Legas: Ta Kifi Mai Tsotso da Ta Kifi Mai Haƙori

Kafin ka sayi ƙugiya ko ɗaya, ka fara sanin bakin kifin da kake nema. Akwai kifin da ke bin ƙasan ruwa yana shinshina yana tsotsar abinci, irin su tarwada da obokun (wani dangin tarwada, da sunansa na Legas) da kifin kaf. Akwai kuma mafarauci mai haƙora da ke fizgar ƙaramin kifi a guje, irin barakuda, wadda ake sayarwa a kasuwannin Legas da sunan kuta. Haɗin da zai riƙe na farko, na biyun cizo guda zai datse shi. Haɗin da aka yi domin na biyu kuma, mai tsotso da ya ji taurin waya a leɓensa sai ya tofar. Yawancin masu komawa gida hannu rabbana, matsalarsu tana cikin kamu biyu na ƙarshen zare, wurin da ƙugiya da darma suke.

Haɗin nan biyu a Turai aka gyara su, ɗaya domin kaf, ɗaya domin kifin fayik. Fayik kifin ruwan sanyi ne na Turai da arewacin Asiya da Amurka ta Arewa, ba ya rayuwa a ruwanmu. Kaf kuwa an shigo da shi Najeriya a shekarun 1950, aka fara kiwonsa a gonar kifi ta Panyam da ke Filato, kuma akan same shi a tafkunan wasu masu kiwo. Amma yadda kaf ke tsotso haka tarwada ke yi, yadda fayik ke kai hari haka kuta ke yi, don haka haɗin yana aiki a nan in aka ɗan daidaita shi da ruwan gishiri, da cikowa da janyewar teku, da shara.

KAYAN AIKI

Sanda mai tsawon mita 2.7 zuwa 3.6, wadda za ta iya jefa nauyin giram 30 zuwa 90. Guda ɗaya ta ishe ka aikin biyu.

Injin naɗe zare mai lamba 4000 zuwa 6000. A wurin saye kada ƙyalli ya ɗauke maka hankali. Ɗaure birkinsa kaɗan, wato abin da ake murɗawa ya riƙe zare ko ya sake shi, ka ja zaren da hannu. In yana fita sumul, mai kyau ne. In yana fita yana tirjewa, ajiye shi, domin ranar da babban kifi ya kama, tirjewar nan ce za ta tsinka maka zare.

Babban zare na nailan: kauri 0.35 na milimita domin kifin ƙasa, yana ɗaukar kimanin kilo 7, kauri 0.40 ko 0.45 domin kuta.

Zaren kitso mai laushi, wato zaren kamun kifi da aka kitsa daga siraran silli, mai ɗaukar kilo 7 zuwa 10, domin wutsiyar haɗin farko, wato guntun zaren ƙarshe da ƙugiya ke kai.

Ƙugiyoyi. Lambarsu takan rikita sabon shiga: daga lamba 1 zuwa sama, lamba na ƙaruwa ƙugiya na ƙanƙancewa, wato 8 ta fi 4 ƙanƙanta. Amma masu 1/0 da 2/0 da 3/0, su lamba na ƙaruwa suna girma. Ka nemi 8 da 6 da 4, da 1/0 da 2/0, sai masu baki uku lamba 6 da 4.

Darma giram 20 da 30 da 60 da 90. Ɗan ƙarfe mai juyawa da ke hana zare murɗewa, wanda ake kira suwibul. Duwatsun ado na roba masu huji. Fulot, wato abin da ke yawo a kan ruwa ya nuna maka kifi ya taɓa. Wayar kamun kifi mai ɗaukar kilo 13 zuwa 18. Filaya mai dogon baki, almakashi, siririn kwarashi, koma mai doguwar mariƙi, tsumma da bokiti.

Abin da ka rasa yana da madadi. Babu sanda da inji, a naɗe zaren a jikin gorar ruwa ko gwangwani a jefa da hannu, haɗin ƙarshe bai canza ba. Babu zaren kitso, zaren da masu gyaran takalmi ke ɗinki da shi yana yi. Babu darma, tsohon fulogin babur ko babban noti. Babu fulot, a yanko daga tsohon silifas. Abu biyu ne kawai ban yarda a yi musu arha ba: ƙugiya da suwibul.

MATAKI NA 1: ZUBA ZARE A INJI

Jefa ƙwaryar zaren cikin bokitin ruwa, ka zaro bakinsa ta zoben farko na sanda, ka ɗaure a inji, ka riƙa naɗewa kana matse zaren da jiƙaƙƙen tsumma. Ka tsaya idan saura kamar milimita 2 ya kai baki. In bai cika ba jifa ba za ta yi nisa ba, in ya wuce kima sai ya riƙa zubowa yana cukurkuɗewa.

MATAKI NA 2: ƘULLI BIYU DA ZA KA HADDACE

Na farko shi ne ƙullin Faloma, domin ƙugiya da suwibul. Ninka bakin zare kamar santimita 15, ka cusa ninkin ta idon ƙugiya. Da ninkakken zaren ka yi ƙulli na gama-gari guda ɗaya, kada ka ja shi tukuna. Buɗe madaukin da ya rage a ƙarshe ka wuce da ƙugiyar gaba ɗaya ta cikinsa. Jiƙa da yawu, ka ja a hankali har ya zauna.

Na biyu domin inda abin da za a ɗaure ya yi girman da ba zai wuce ta madauki ba. Cusa zare ta ido, ka jawo santimita 15 ya kwanta a gefen babban zare. Lanƙwaso bakin baya ya yi da'ira, sannan ka naɗa shi sau biyar ta cikin da'irar, yana kewaye zaren biyu tare. Jiƙa, ja bakin har naɗin ya taru, sannan ka ja babban zare ƙullin ya gangara ya zauna a ido.

Yawun nan ba al'ada ba ce kawai. Nailan busasshe in aka ja shi yana goga kansa ya yi zafi ya raunana daidai wurin ƙullin. Kowane ƙulli ka gama, saƙala ƙugiyar a mariƙin bokiti ko zoben makulli ka ja da ƙarfi. Wanda zai kwance gara ya kwance a hannunka. In zare ya dawo maka ba ƙugiya, duba bakinsa: in ya nannaɗe, ƙullinka ne ya zame, in ya yanke tsaf, haƙori ne ko kaifin dutse.

KASHI NA FARKO: HAƊIN KIFI MAI TSOTSO

MATAKI NA 3: DARMA MAI ZAMIYA

A kan babban zare ka fara zura darma, ta hujinta ko ta suwibul ɗin da ke kanta, yadda za ta riƙa zamewa sama da ƙasa. Bi ta da dutsen roba guda. Sannan ka ɗaure suwibul a bakin zaren. Dutsen shi ke hana darma dukan ƙulli a kowace jifa. In babu shi, guntun robar bawul ɗin keke ya wadatar. Amfanin zamiyar shi ne kifi ya ɗauki abinci ya tafi, zare ya bi shi ta cikin darma, bai ji nauyi ba, kai kuma ka ga kan sanda ya motsa.

A tafkin da ruwa ke tsaye giram 30 zuwa 40 ya isa. A lagun, wato babban tafkin Legas da ke haɗe da teku, lokacin da ruwa ke gudu, fara da 60, in tana birgima ka koma 90, kuma mai faɗi ta fi mai ƙwallo zama. Kada ka ɗaure darma tamau a saman suwibul. In babban zare ya tsinke, kifin zai yi ta jan nauyin har ya maƙale a wani wuri ya mutu a banza, kai ba ka ci ba, shi bai tsira ba.

In ƙasan wurin duwatsu ne ko tarkace, rataya darmar ko fulogin a suwibul mai zamiya da guntun zare siriri wanda bai kai babban zarenka ƙarfi ba. Ta maƙale, ita kaɗai za ka rasa.

MATAKI NA 4: HAƊIN GASHI

Nan ne zuciyar aikin, a nan za ka natsu. A ƙarshen shekarun 1970 wasu masu kamun kaf biyu a Ingila, Len Middleton da Kevin Maddocks, suka lura cewa kaf yana tsotsar abinci ya hura shi waje sau da yawa kafin ya haɗiye, kuma in ƙugiya na ɓoye cikin abincin tare suke fita. Sai suka raba su: abinci yana lilo a wani siririn zare a ƙarƙashin ƙugiya, ita kuma tsirara. Da gashin kai na gaske suka fara gwadawa, shi ya sa ake kiran siririn zaren nan gashi. Kifi ya tsotsi abincin, ƙugiya ta bi shi ciki. Ya zo hurawa, sai ta juya ta kama leɓen ƙasa.

Ga yadda ake ɗaurawa. Yanki zaren kitso santimita 40. A baki ɗaya yi ɗan ƙaramin madauki, wanda bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Soka kwarashi ta tsakiyar abincin da za ka yi amfani da shi, saƙalo madaukin, ka jawo shi ta ciki har ya leƙo, ka cusa guntun tsinken tsintsiya a madaukin ya tokare. Tun yanzu ake sa abincin, kafin a ɗaura ƙugiya, domin da shi za ka auna tsawon gashin.

Ɗauki ɗaya bakin zaren ka cusa ta idon ƙugiya lamba 6, daga baya zuwa gaba, wato ya fito ta ɓangaren da tsini yake. Ja har abincin ya rataya a ƙarƙashin lanƙwasar ƙugiya da tazarar milimita 5 zuwa 10. Danne gashin a bayan ƙugiya da babban yatsa. Da dogon bakin ka naɗe ƙafar ƙugiya tare da gashin, daga ido kana gangarowa, sau shida zuwa takwas, naɗi kusa da naɗi, kada wani ya hau wani. Naɗin farko ya kauce wa tsagin da idon ƙugiya ya rufe, don kaifinsa yana cin zare. Ka tsaya daidai saitin tsini. Sai ka mayar da bakin ta ido, nan ma daga baya zuwa gaba, ka ja. Ka ɗaure suwibul ɗin mataki na 3 a ƙarshensa, wutsiyar ta tsaya a santimita 20 zuwa 25.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a wucewar ƙarshe a cusa zaren daga gaba zuwa baya. Haɗin zai yi kyau a ido, amma ƙugiya za ta riƙa kauce wa leɓe. Gwada a tafin hannunka: shimfiɗa wutsiyar a kan tafi, abinci na lilo ta gefe, ka ja zaren a hankali. Da ƙugiyar ta iso gefen hannu za ka ga ta mirgina da kanta, tsinin ya duƙa ya kama fata. In ta zame a kwance ta wuce, kwance ka sake. Haka nan goga tsinin a farcenka: ya kama, da kaifi, ya sulale, canza ƙugiya.

MATAKI NA 5: ABINCI

Masu kamun kaf a Turai suna sayen aya da tsada domin wannan haɗin, mu kuwa ga ta a baro a kowace tasha daga Agege zuwa Obalende. Jiƙa busasshiyar aya kwana ɗaya cur, ka tafasa minti 30, ka bar ta cikin ruwan dahuwar kwana biyu har ruwan ya yi yauƙi ya fara tsami. Busasshiyar masara ma haka, jiƙo na kwana guda da tafasa. Kada a zuba wa kifi su ɗanye, domin suna kumbura a cikinsa. Aya biyu ko masara uku a gashi ɗaya sun isa. Taurinsu shi ne alherinsu, ƙananan kifi ba sa iya tsattsage su, sai babba ya zo.

Tarwada ta fi son abu mai ƙarni: yankan hantar kaza, guntun kifi, ko babbar ƙwayar abincin kifi na gona da aka huda. Hanta tana da laushi, a ɗan shanya ta ta yi fata kafin a sa.

Domin jawo kifi wurin, kwaɓa dusa da garin ƙuli-ƙuli da ɗan garin rogo, ka dunƙula kamar girman lemun zaƙi a jikin darma kafin jifa. Kwaɓin ya riƙe kansa a iska amma ya warware a ruwa cikin minti goma. Gwada a bokiti tukuna. In rogon ya yi yawa zai zauna kamar dutse, kifi bai samu komai ba. Masu kamun kaf a madatsun ruwan Afirka ta Kudu da irin wannan dunƙulen na masara suke aiki.

Aya da masara na ruwan daɗi ne: tafkunan gona, kogin Ogun ta wajen Kara da Isheri, da ɓangaren Epe. A ruwa mai gishiri-gishiri, inda obokun yake, cire gashin. Ɗaura ƙugiya 1/0 kai tsaye a wutsiyar nailan, ka soka ɗanyen jatan lande daga wutsiya, ko tana biyu, tsini a waje. In ƙaguwa ta dame ka, juya haɗin: darma a can ƙarshen zare, ƙugiya a reshe mai santimita 20 wanda aka ɗaura santimita 40 a samanta, abinci ya tashi daga laka. Duk da haka duba shi kowane minti 15 zuwa 20.

MATAKI NA 6: JIFA DA JIRA

Dab da darma za ta faɗa ruwa, taɓa bakin inji da yatsa zaren ya tsaya. Wannan ne ke wurga wutsiya gaba ta miƙe, maimakon ta naɗe a babban zare. Bari darma ta zauna, naɗe sako-sakon zaren, ka ɗora sanda a kan reshe mai baki biyu. Sassauta birki yadda kifi zai iya jan zare ba tare da ya tafi da sandar ba. Tarwada mai kilo biyar tana iya sauke sanda cikin ruwa kafin ka miƙe tsaye. Ƙananan taɓe-taɓe ka ƙyale su. Idan zare ya tafi bai tsaya ba, ɗaga sandar, ƙara birki kaɗan, ka jingina da ita baya. Haɗin gashi ba ya son fizga mai ƙarfi, ƙugiyar ta riga ta kama, fizgar sai dai ta yage leɓen.

KASHI NA BIYU: HAƊIN KIFI MAI HAƘORI

MATAKI NA 7: WUTSIYAR WAYA

Ba a neman kuta ba waya. Nailan komai kaurinsa sa'a ce kawai. Yanki waya santimita 45. Kada ta gaza 30, domin kifin yakan haɗiye abinci da zurfi ko ya mirgina zaren ya shiga bakinsa.

Waya iri biyu ce. Mai silli bakwai tana da laushi, ana rufe ta da ɗan bututun ƙarfe: zura bututu, wuce da waya ta idon ƙugiya, dawo da ita cikin bututun, ka matse da filaya wuri biyu ko uku, ban da bakin bututun don kada ya ci wayar. Mai silli ɗaya kuwa murɗa ta ake yi: wuce da ita ta ido, gicciya biyun, ka murɗe su tare sau biyar kowace na kewaye 'yar'uwarta, sannan ka naɗa guntun bakin a jikin doguwar sau biyar a matse. Ragowar kada ka yanke da filaya, zai bar tsini mai yanka yatsa. Lanƙwasa shi ka yi ta kaɗawa gaba da baya har ya karye daga gindi.

In ba ka samu wayar kamun kifi ba, warware wayar birkin keke ka ɗauki silli biyu ko uku ka murɗe su. Tana tsatsa da wuri, ta fita ɗaya ce. Kuma kowace irin waya ce, da ta yi lanƙwasa mai kusurwa ta gama aiki, nan za ta karye.

MATAKI NA 8: ƘUGIYA BIYU DA ƘARAMIN KIFI

Mai baki uku guda a ƙarshen waya. Ta biyun a sama da ita da santimita 7 zuwa 10, gwargwadon tsawon kifin da za ka sa: wuce da waya ta idonta, zagayo ta ƙarƙashin lanƙwasa, naɗe ƙafarta sau uku kana hawa, ka sake fita ta ido. Suwibul a ɗaya ƙarshen.

Abincin shi ne kifi mai tsawon santimita 12 zuwa 18: ƙaramar karfasa, kifin lagun da ake kira atoko, ko sardin ɗanye. Sabo ya fi na ƙanƙara riƙe ƙugiya. Fayik yakan kama kifi ta tsakiya ya juya shi ya haɗiye ta kai, shi ya sa Turawa ke sa ƙugiyar sama a gindin wutsiya, ta ƙasa a haƙarƙari. Kuta dabam take, sau da yawa datse kifin take yi biyu ta tafi da rabin baya. Don haka ka sa ƙugiyar sama a leɓe ko bayan kai, ta ƙarshen kusa da wutsiya. In kana ta jawo kan kifi zalla, ƙugiyar bayanka ce ta yi gaba da yawa. Baki ɗaya kawai ake sokawa a nama, biyu su tsaya a waje.

Wurin da ciyawa da leda suka yi yawa, bar masu baki uku, za su kwaso maka shara ne. Sa 2/0 ko 3/0 mai baki ɗaya a madadinsu.

MATAKI NA 9: FULOT MAI ZAMIYA

Jerin a kan babban zare shi ne: ƙullin tsayarwa, dutsen roba, fulot mai huji, darma giram 15 zuwa 20, wani dutsen, sannan suwibul ɗin waya. Ƙullin tsayarwa guntun zare ne dabam da ake ɗaurawa a jikin babban zare da ƙulli na biyu na mataki na 2, a bar masa kunnuwa santimita 2 don ya wuce zoben sanda lami lafiya. Inda ka tura shi, nan fulot zai tsaya, wato shi ke yanke zurfin. Fulot ɗin ya zama mai ɗaukar darma da kifin tare, kashi ɗaya cikin uku na jikinsa a waje.

Kuta daga ƙasa ko gefe take hango abinci a sama da ita. Fara da mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka bar ruwa ya tafi da fulot a hankali ta gefen duwatsu ko ginshiƙai, inda ƙananan kifi ke fakewa.

MATAKI NA 10: COKALI

Ranar da babu ƙaramin kifi, ƙarfe mai ƙyalli yana yi. Ana sayar da shi, ana kuma yi a gida: yanke mariƙin cokalin cin abinci, huda kai da gindi, zobe da ƙugiya mai baki uku a faffaɗan gefe, zobe da waya a siririn. Suwibul dole ne a nan. Jefa nesa ka naɗo da sauri. Kuta takan biyo abin da ke tafiya a hankali ta duba ta juya, mai gudu take kai wa hari. In ka ga ta biyo, ƙara sauri, kada ka tsaya.

MATAKI NA 11: FIZGA DA CIRE ƘUGIYA

Fulot ya nutse ya tafi, naɗe zare har ka ji nauyi, sannan ka ɗaga sanda da ƙarfi sau ɗaya, domin bakin kuta ƙashi ne. Kada ka jira wai ta haɗiye. Tana gudu tana tsalle, bar birki ya yi aikinsa, zare kada ya saki. Shigar da ita koma ta kai.

A tudu, danne ta da jiƙaƙƙen tsumma a bayan kai, ka cire ƙugiya da dogon filaya. Yatsa ba ya shiga bakin kuta, ko ta daina motsi. In cin ta za ka yi, buga mata a ka ta mutu tukuna. Wadda ba ta kai ba, mayar da ita ruwa da wuri ta girma. Tarwada da obokun kuma ƙayoyin gefe da na baya ne abin tsoro, sukarsu tana kumbura hannu. Kama su ta bayan ƙayoyin. Kifin nan mai faɗi da doguwar wutsiya mai dafi in ya kama, kada ka kai hannu, yanke zaren.

LOKACI DA WURI

Ruwan Legas yana cikowa sau biyu ya janye sau biyu a kwana guda, kowanne wajen awa shida, kuma kullum lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50. Kifi ya fi ci lokacin da ruwa ke motsi, musamman awa biyu kafin ya cika da awa ɗaya bayan ya juya. In hakan ya dace da bayan sallar asuba ko dab da magariba, ka samu ranar fita. Wajen tsayuwar wata da daren sha huɗu gudun ruwa ya fi ƙarfi, ka tanadi darma mai nauyi. Da rani gishiri yana shiga lagun sosai, kifin teku ya biyo shi ciki. Da damina ruwan koguna ya rinjaya, kuta ta koma wajen bakin teku irin su Tarkwa Bay, kifin ruwan daɗi ya bazu. Bayan damina ciyawar nan mai yawo a kan ruwa da ta shigo ta Badagry a tsakiyar shekarun 1980 takan rufe wurare. In tana tahowa, ɗaga kan sanda sama, zare ya shiga ruwa a kusa.

Ruwan yana da masu shi, ɗan'uwa. Egun da Ilaje da Ijebu sun gaji kamun kifi a nan kamar yadda Sarkawa suka gada a Kebbi. Ka yi sallama, ka tambaya kafin ka jefa, kuma rassan da ka ga an kafa a cikin ruwa, wato akaja, gonar wani ce, ba a jefa ƙugiya a ciki. Nisanci tashar jiragen ruwa da wuraren sojan ruwa da jeti na mutane sai da izini. Kifin bakin magudanar da ke zubo dattin gari ko na masana'anta ba na kai wa iyali ba ne. A kwale-kwale sa rigar ruwa. A kan duwatsun bakin teku kada ka ba igiyar ruwa baya, kada kuma ka je kai kaɗai. Hadari ya taso da walƙiya, kwantar da sanda ka bar wurin, domin sandar da aka yi da sinadarin kabon wutar lantarki tana bi ta jikinta. Ka duba wayar lantarki a sama kafin kowace jifa.

MATAKI NA 12: IN AN DAWO GIDA

Gishiri yana cin kaya cikin dare ɗaya. Ɗaure birkin inji, ka ɗauraye shi da sanda da ruwan famfo a hankali, ba da ƙarfin tiyo ba don kada ya tura gishirin ciki. Goge, bari ya sha iska a inuwa, ɗiga ɗan man keken ɗinki a mariƙi da ɗan gargaren da zare ke bi, sannan ka sassauta birkin kafin ka ajiye. Ƙugiyoyin da suka shiga ruwa a wanke su a shanya dabam, kada a mayar da su cikin sababbi da danshi. Bi mita biyar na ƙarshen babban zare tsakanin yatsu biyu, duk inda ka ji kaushi yanke daga nan. Wutsiyoyin gashi da na waya kuma ka ɗaura biyar-biyar tun a gida, ka naɗe su a jikin guntun silifas, kowace ƙugiya a soke a robar.